Jinyar Firgici da Taimakon Doki: Yadda Ake Shirya Ta a Damagaram

Wanda ya ga kisa da idonsa, ko aka tashe shi daga garinsu cikin dare, ko ya fita da rai daga haɗarin mota a hanyar Tanut, sau da yawa jikinsa ba ya yarda cewa abin ya wuce. Barci ya gagara, in ya samu sai mugun mafarki. A buga ƙyaure ya zabura. Ya daina bin duk hanyar da ke tuna masa, fushi kuma ya riƙa zuwa ba gaira ba dalili. In haka ta haura wata guda tana hana shi sana'a da zaman iyali, likitoci na kiranta ciwon firgici bayan masifa. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta nuna wajen mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da yaƙi ya shafa yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi har mai tsanani. Zinder ta san wannan kusa da kusa, tun da mutanen Diffa da Bosso suka fara kwararowa bayan hare-haren Fabrairun 2015.

Da yawansu ba sa iya zama bisa kujera su fuskanci baƙo su kwance masa cikinsu. Namiji na jin nauyi, mace na tsoron magana ta fita. Nan doki ke shigowa. Mutum na tsaye a fili, hannunsa na aiki, idonsa na kan dabba maimakon kan mai tambaya. Abin da ake so ya koya, wato ya gane lokacin da jikinsa ya ɗauki zafi ya kuma iya saukar da shi, yana gwada shi nan take gaban halitta mai kilo 300 da ɗoriya wadda ba ta san kara ba. Doki dabba ce da aka halitta da tsoron mafarauta, shi ya sa yake lura da taurin kafaɗa da saurin numfashi na wanda ke kusa da shi. An gwada wannan a Suwidin a 2009: aka gaya wa masu jan dawaki za a buɗe laima ba zato a wani wuri, ba a buɗe ba, amma bugun zuciyarsu ya tashi, na dawakin ma ya bi.

Sai dai a san matsayin aikin tun farko. Tsarin da aka fi bi, wanda ƙungiyar EAGALA ta Amurka ta yaɗa tun kafuwarta a 1999, ba hawa a cikinsa, komai a ƙasa ake yi, kuma mutum biyu ke gudanar da shi: masanin lafiyar ƙwaƙwalwa da masanin doki. Jami'ar Columbia ta New York ta gwada zama takwas, kowane minti 90, da tsofaffin sojoji 63, ta buga sakamakon a 2021. Wajen rabinsu sun samu sauƙi mai ma'ana. Amma ba a ajiye wani rukuni a gefe don kwatantawa ba, kuma haka akasarin binciken fagen yake. Jinyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kanta ita ce ta zantawa, wadda ake fuskantar abin da ya faru mataki-mataki, da wadda ake haɗawa da motsa ido. Don haka doki mataimaki ne: yana shirya mutum ya iya ɗaukar waccan jinyar, ko ya riƙe shi a cikinta. Duk wanda ya ce muku dokinsa na warkarwa shi kaɗai, ciniki yake nema.

Dokin Sallah ba dokin jinya ba ne

Damagaram ba ta rasa dawaki ba, tun zamanin Sarki Tanimun da ya rasu a 1884 har zuwa hawan Sallah na yau a ƙofar fada. Matsalar ita ce an rene su don aikin da ya saɓa da namu. Dokin hawa ingarma ne, yana kwana a turke da dabaibayi, ana ɗura masa gero da dawa don ya yi ƙiba da zafi, an koya masa tabarya da jahi da linzami mai tsanani da ƙaimi. Abin yabo ne ranar hawa. A filin jinya kuwa kowane ɗaya daga cikin waɗannan haɗari ne.

A nemi goɗiya ko fiɗiyayyen doki mai shekara 8 zuwa 18. Goɗiyoyi sun fi yawa a ƙauyuka, wajen Mirya da Magarya da Matamai, fiye da cikin Birni. Goɗiya mai ɗa a gindi ba ta yi, don gadinsa take. Tana kuma neman namiji kusan duk kwana 21, na tsawon kwana biyar zuwa bakwai. Wata ba ta canjawa, wata kan yi tsaki da harbi, sai a rubuta kwanakin a huta da ita. In fiɗiya za a yi, likitan dabbobi ya yi ta da sanyi, lokacin da ƙuda ya ragu, da allurar tetanos, kuma a ba shi aƙalla mako shida kafin a sa ran halinsa ya kwanta. Wanda aka fiɗiye da tsufa wani lokaci halin ingarma ba ya barinsa. In dole sai ingarma, to tsoho mai sanyin hali, shi kaɗai a fili, ba goɗiya a kusa, ba yara.

Kafin a yi ciniki ko a karɓi aro, a gwada shi. A shafa shi ko'ina: kunne, ciki, tsakanin cinyoyi, gindin wutsiya. A ɗaga ƙafafunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya. A kaɗa leda, a buɗe laima, a sa mace mai dogon hijabi ta gitta cikin iska, a tada moto bayan katanga, yaro ya ruga nesa kaɗan. Ba a neman dokin da ba ya zabura. Ba shi da amfani ko da an same shi. Ana duba yadda yake zaburar da kuma saurin dawowarsa. Wanda ya ja baya taku biyu, ya kalli abin, ya sauke kai cikin minti guda, shi ne namu. Wanda ya juya gindi ko ya yi kan mutum, a bar wa mai shi.

Akwai na ukun da ke ruɗin mutane: dokin da ya tsaya ƙiƙam kome aka yi masa, ido a mace, kunne ba motsi. Masu shi kan ce ai ladabi ne da shi. Yawanci duka da ɗauri ne suka koya masa cewa motsi ba ya fisshe shi. Irin wannan ba ya amsa wa majinyaci, ba abin da za a koya daga gare shi, kuma ranar da ya fashe ba ya gargaɗi.

Likitan dabbobi ya duba haƙora da kofato da baya, da gyambon linzami a gefen baki, da na dabaibayi a ƙafa. Doki mai ciwo shi ne mai cizo. A ajiye ma'auninsa na lafiya a rubuce: bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti yana hutawa (a ɗora yatsa ƙarƙashin muƙamuƙi, a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka huɗu), zafin jiki 37.5 zuwa 38.5. Tabon da gashi ya zube zagaye-zagaye yana kama mutum, kada a taɓa shi sai ya warke. Ƙuraje masu ruwa da suka jeru bisa ƙafa ko wuya, a ware dokin daga sauran nan da nan.

Daga nan sai sauya masa rayuwa, abin da kan ci mako huɗu zuwa shida. A rage hatsi a hankali cikin kwana 10 zuwa 14, ba rana ɗaya ba, don canjin abinci kwatsam na kawo ciwon ciki. Tushen abincinsa ya koma busasshiyar ciyawa da harawa, kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa: doki mai kilo 350 zai ci kilo 5 zuwa 7 a yini, a raba sau uku ko huɗu, da ɗan dusa jiƙaƙƙe da gishiri. A zuba cikin kwami ko rabin tano, kada a zuba bisa rairayi, yashin da yake haɗiya yana taruwa a hanji. Ruwa lita 30 zuwa 40, da bazara ya kai 50 ko fiye. Wanda ya san wahalar ruwan Zinder a watan Afrilu da Mayu zai fara lissafin tano da ƴan garuwa kafin ya sayi doki, ba bayan ya saya ba. Kullum a sake shi cikin fili ba turke ba dabaibayi, a fara da minti 20 a riƙa ƙarawa. Kwanakin farko zai yi sukuwa da birgima kamar ya zautu, kada kowa ya shiga. A cire linzami gaba ɗaya, a koya masa tafiya da tsayawa da ja da baya da ragama kawai.

Fili da kaya

Fili mai faɗin mita 20 kowane gefe ya isa doki ɗaya ko biyu. Shinge ya kai mita ɗaya da rabi, na itace ko katangar laka. Ban da waya mai ƙaya, ban da shingen ƙaya. Ƙofa biyu a gefe daban-daban, don wanda aka taɓa tsarewa yana fara neman mafita da ido kafin ya ji abin da ake ce masa. A share dutse da ƙusa da kwalba, a bar rairayi mai kaurin santimita 5 zuwa 8. In ya fi haka yana gajiyar da ƙafa. Inuwar bedi ko rumfa a gefe ɗaya, da tabarma da randa a waje da shinge. A kewaye da zana don ido, a ɗaure ta tamau, zanar da ke kaɗawa da iskar hunturu tana firgita doki da mutum duka. Kada filin ya kasance bakin titi ko jikin makaranta: yara za su hau katanga, shi ke nan sirri ya tafi.

Kaya kaɗan ne. Ragama mai laushi, igiyar ja ta auduga mai mita uku zuwa huɗu, buroshi biyu, tsumma, bokiti, sanduna shida masu mita uku, tsofaffin tayoyi, da akwatin magani. Sai takalmi rufaffe masu girma daban-daban da za a riƙa ba da aro, don yawancin mutane da silifa za su zo, kuma kofato bisa yatsa karaya ce.

Lokacin aiki daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara, ko bayan la'asar. Doki ɗaya kada ya wuce zama biyu a yini, uku in sanyi ne, da hutun yini biyu a mako.

Mutum biyu, kowa da idonsa

Mashawarci, wato masanin halayyar ɗan Adam ko ma'aikacin lafiyar da ya samu horon jinyar firgici, idonsa na kan mutum. Mai doki idonsa na kan doki, kuma in ya ce a tsaya, an tsaya, ba gardama. Kowa ya tsaya a aikinsa. Masu dawakinmu sun san doki ciki da waje, amma sai an sake musu tarbiyya a abu uku: ba bulala ko tsawa gaban majinyaci, ba gyara masa hannu ko karɓe igiya don ya yi kuskure, sai in haɗari ne, kuma abin da aka ji a fili ba ya zuwa fada wurin shayi. Na ukun ya fi wuya, ya kuma fi kashe aiki. A yi yarjejeniya a kansa gaban shaidu.

In majinyaciya mace ce, mashawarciya mace, mai doki ya tsaya nesa da inda zai ji magana amma kusa da inda zai kai ga doki cikin taku huɗu. A samu yardar mai gida ko iyaye tun farko, a bar wata ƴar uwa ta rako ta ta zauna bisa tabarma. A kuma yi wa iyali bayani ƙarara, don wasu za su ɗauka tsibbu ne ko bori: ba a yanka kome, ba a kiran kowa, ba a hana addu'a, ba a hana maganin asibiti.

Wa za a karɓa

Ganawar farko a ɗaki ake yin ta, ba doki. Mai tunanin kashe kansa, mai jin muryoyi ko ganin abin da ba kowa ke gani ba, wanda ya kwana uku ba barci yana ta zuba, waɗannan asibiti za a kai su ranar, babban asibitin Zinder ko likita mafi kusa. Mai farfaɗiyar da ba ta kwanta da magani ba, mai asma mai tsanani, mai tsohon ciki, su jira. Wanda ya zo a buge da tramol ko wani abu ba ya shiga fili ranar, a gaya masa ba tare da wulaƙanci ba, a ba shi wata rana. Matar da har yanzu ake duka a gida, tsaronta ne aikin farko. Wanda abin ya same shi cikin watan nan, a kula da cinsa da barcinsa da danginsa, kada a matsa masa ya ba da labari. Yawancin mutane na farfaɗowa da kansu cikin makonnin farko.

Tambaya ɗaya da ba a tsallakewa: me doki ke tuna maka? A wasu ƙauyukan yankin tafkin Cadi bisa dawaki maharan suka zo, har sojan Najeriya ya hana hawan doki a Borno a 2015. Ga wanda ya ga haka, haniniya kaɗai ta isa ta mayar da shi daren. Ba lalle a hana shi ba, amma nasa tsarin daban ne, kuma wataƙila jaki ya fi masa. Jaki na yin wannan aiki sarai, ga arha ga haƙuri da ƙishi, sai dai yana ɓoye ciwo fiye da doki, kuma wani dattijon zai ji an raina shi in aka haɗa shi da jaki. A tambaye shi tukuna.

A auna kafin a fara. Takardar tambayoyi 20 da ake kira PCL-5 tana ba da maki daga 0 zuwa 80, kuma daga 31 zuwa 33 ake fara zaton ciwon. In da baki za a fassara ta, a tsayar da fassara guda a riƙa maimaita ta kalma da kalma, in ba haka ba makin wannan mako da na wancan ba za su kwatantu ba. Don awon kowane zama kuwa tsakuwa goma sun isa: "Inna, in hankali kwance ba tsakuwa ko ɗaya, in tashin hankali ya kai maƙura goma ne, yanzu nawa za ki ɗauka?" A tambaya da shiga, a tsakiya, da fita.

Zaman kansa

Zama takwas, ɗaya a mako, awa guda kowane: minti 10 bisa tabarma, 35 tare da doki, 15 a koma tabarma. Minti 15 na ƙarshe ba a cin su ko an makara, gara a rage na doki.

Zama na farko daga bayan shinge ake yin sa. Doki na sake, mutum na kallo. A nuna masa ƙa'idojin tsaro: doki na gani kusan duk kewayensa amma ba ya ganin abin da ke daidai goshinsa da daidai bayan wutsiyarsa, don haka daga kafaɗa ake zuwa masa, ana magana, ba a tsayawa cikin mita uku a bayansa, ba a naɗe igiya a hannu, ninke ta ake yi, don in ya fizga yatsu za su tafi, ba a ba shi abinci a tafin hannu, yana koya masa cizo. A koya masa karatun doki: kunne a kwance baya, leɓe a ɗaure, farin ido a waje, wutsiya na bulala, kai sama, duk "matsa" suke nufi. Kai ƙasa, leɓen ƙasa a sake, ƙafar baya ɗaya a jingine, hutawa yake. Sannan a ba shi kalmar tsayawa tasa. In ya ce "ya isa", kowa ya tsaya, ba a tambayarsa dalili. Mutumin da aka yi wa abu da ƙarfi yana bukatar ya ga da idonsa cewa maganarsa na tsayar da manya biyu da doki.

A na biyu ake shiga. Ya taka zuwa wajen doki, da zarar ya ji gabansa ya faɗi ko ya ga doki ya ɗaga kai, ya tsaya, ya ja baya taku ɗaya, ya saki numfashi, ya jira. Wani zai taɓa doki cikin minti biyar, wani sai mako na uku. Ba tsere ba ne. Wanda ya ruga ya rungume wuyan doki don ya nuna shi namiji ne, shi ya fi bukatar a mayar da shi baya ya sake tahowa a hankali, don tsallake tsoron ya yi, bai saurare shi ba.

Na uku shi ne gishirin aikin, kuma ana komawa gare shi a farkon duk zaman da ya biyo baya. Ya ɗora tafin hannu bisa haƙarƙarin doki ya ji numfashinsa, wanda bai cika wuce 8 zuwa 16 a minti ba, ƙasa da na mutum mai firgici nesa ba kusa ba. Ya ja nasa yana ƙirga huɗu, ya sake yana ƙirga shida. Fitar da ta fi shiga tsawo ita ke rage bugun zuciya. Sannan buroshi, dogon ja daga wuya zuwa baya, ja ɗaya numfashi ɗaya. Sai susa da yatsu a tudun kafaɗa inda geza ta ƙare, wurin da dawaki ke sosa wa juna. Masu bincike a Faransa sun nuna tun 1993 cewa susa a nan na saukar da bugun zuciyar doki. In leɓensa ya fara rawa ya miƙa wuya, mutum ya ga da idonsa cewa hannunsa na iya kwantar da wani. Mai son haɗa numfashin da tasbihi ya haɗa, yana ma taimaka masa ya riƙe shi a gida.

Na huɗu da na biyar ja ne da iyaka. Ya ja doki da igiya a sake, ya tsaya, doki ya tsaya. Wanda ke ja da ƙarfi zai tarar doki ya cije, wanda ke tafe yana waiwaye zai tarar doki ya tsaya cin ciyawa. Sai iyaka: a zana da'ira a rairayi, ya tsaya ciki, mai doki ya taho da doki, shi kuma ya tsayar da shi a bakin zanen da ɗaga hannu da murya, ba duka. Ga matan da aka ci zarafinsu wannan kan fi kowane zama nauyi, a ba shi mako biyu in ya kama.

A na shida ya shimfiɗa hanya da sanduna da tayoyi, ya raɗa wa kowane cikas sunan wani abu da ke gabansa a rayuwa, kamar shiga tasha ko kwana cikin duhu, ya bi da doki. Na bakwai a cire igiya ya gwada ko doki zai bi shi. Na takwas sallama ce, da maimaita awo, da tsara inda zai yi amfani da abin da ya koya.

Duk tsawon wannan, maganar mashawarci tambaya ce bisa abin da ido ya gani. "Malam, na ga ya matsa lokacin da ka ɗaga buroshi. Kai me ka gani? A ina ka ji shi a jikinka?" Ba a cewa doki ya ga baƙin cikin da ke zuciyarka. Wataƙila ƙuda ne ya dame shi. Haka lasar baki da taunar da doki kan yi, wadda wasu ke fassarawa wai ya fahimta: yawu ne ke dawowa bayan ya ɗan tsorata, alama ce cewa an matsa masa ɗazu. In labarin masifar ya fito da kansa, a saurara, a bar hannunsa bisa doki, amma ba a tono. Tonon na ɗaki ne, da wanda ya koyi yin sa.

In abu ya ɓaci

Wanda abin ya dawo masa a fili, za a ga ido ya ƙafe, ko jiki na rawa, ko ya daina amsawa. Mai doki ya janye doki a hankali mita biyar ko fiye, ba gudu. Mashawarci ya tsaya ta gefe inda za a gan shi, kada ya taɓa shi sai da izini, ya kira sunansa da murya ƙasa: "Baba, nan Zinder ne, yau Talata, kana tsaye bisa rairayi. Danna ƙafarka ƙasa. Faɗa mini abu biyar da kake gani." A miƙa masa ruwan randa ya sha ya shafa a fuska. Kada a sallame shi sai tsakuwa sun sauko ƙasa da biyar, kada ya tuƙa moto da kansa, kuma a kira shi washegari. In aka bar shi ya tafi a tsorace, abin da jikinsa zai riƙe shi ne filin ma wurin haɗari ne, ba zai dawo ba. Yawanci sanadin gaggawa ce a mataki na baya, sai a koma can.

Doki zai juya ya yi tafiyarsa wata rana, majinyaci ya ce ko dabba ma ba ta son sa. Kada mai doki ya kamo shi don a faranta masa. A tsaya a kan abin: ina ya tafi, me ke can, me kake so ka yi yanzu? Dokin da ba shi da ikon tafiya, zuwansa ma ba ya nufin kome. Amma in ya fara gudun ragama da safe, ko yana hamma a jere, ko ya rage ci, ya gaji da aikin. Hutun mako biyu, likita ya duba shi.

Harbi a kai ko ciki ko ƙirji, asibiti kai tsaye ko mutum ya ce lafiya lau yake, don zubar jini ta ciki ba ta nuna kanta da wuri. Cizo ko rauni, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a je a duba maganar allurar tetanos.

Dokin aro na da tasa matsalar. Mai shi zai sayar, ko ya ba da shi hawan angwanci ya dawo da gyambon linzami da zafin kai, alhali wani ya shaƙu da shi. Ga wanda ya riga ya rasa mutanensa ba sallama, wannan sabon rauni ne. A rubuta yarjejeniyar wata uku da wanda ya ba da aron dokin, kuma tun zama na huɗu a gabatar da doki na biyu. A rufe aiki mako guda kafin kowace Sallah da mako guda bayanta: garin na cike da bindiga da tambari, dawaki a sama suke, majinyata ma haka. Hoto da bidiyo don masu ba da tallafi, a ɗauki doki da fili, ban da fuskar kowa.

Wasu da sun ji sauƙi sai su ajiye maganin da likita ya rubuta musu. A riƙa tambaya kowane mako, don yanke irin waɗannan magunguna kwatsam na dawo da ciwo har da ƙari. A sake cika takardar awo a zama na huɗu da na takwas, sannan bayan wata uku. In a na huɗu maki ya hau da 10 ko fiye, ko barci ya ƙara lalacewa, ko tunanin mutuwa ya shigo, a dakatar da fili, a rubuta takarda zuwa ga likita, wani daga cikin ma'aikata ya raka shi da ƙafarsa.